YADDA CIKI KE GINUWA DA YADDA YAKE SAMUN MATSALA: BAYANI DAGA MATAKIN ƘWAYOYIN HALITTA TARE DA DARUSSAN BINCIKEN ZARIYA

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, wadda ta ƙunshi Samaru, Basawa, Bomo, Hanwa, Muciya, Cikaji, Jushi da Dogarawa, tana da matsayi na musamman a tarihin kiwon lafiyar mata masu juna biyu a Nijeriya. A Samaru aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, aka kuma buɗe tsangayar koyon aikin likita a 1967. Daga wannan tsangaya da asibitin koyarwarta, wanda ya daɗe a Tudun Wada kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, aka gudanar da bincike-bincike a kan ciki da haihuwa waɗanda har yau likitoci ke kafa hujja da su a ciki da wajen ƙasar nan.

Manufarmu a wannan shafi ita ce mu bayyana wa jama'a abin da ke faruwa a jikin mai ciki a matakin da ido ba ya gani, sa'annan mu haɗa shi da abin da aka gano a Zariya. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, yawancin matsalolin da ke halaka mace a ranar haihuwa suna fara ƙulluwa ne makonni ko watanni kafin ranar, a cikin mabiyiya da cikin jini, a lokacin da mai cikin take jin lafiyarta ƙalau. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Ƙwayar halitta ita ce mafi ƙanƙantar abu mai rai da aka gina jiki da shi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ba a ganinta sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki. An naɗe wannan zare a ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Kowane yanki na zaren da ke ɗauke da umarni guda shi muke kira ƙwayar gado, kuma abin da akasari take umarta a ƙera shi ne furotin, wanda shi ke yin aikin. Homon kuwa sinadari ne da wani sashen jiki ke sakawa a jini domin ya kai saƙo ga wani sashen.

Da yake a bakin jama'a kalmar mahaifa tana ɗaukar ma'ana biyu, a nan mun keɓe ta ga jakar da jariri ke kwanciya a ciki. Abin da ke biyo bayan jariri bayan an haihu, wanda wasu ke kira uwar tafiya, shi muke kira mabiyiya.

Makonnin Farko

Ƙwan mace yana ɗauke da kuromosom 23, ƙwayar maniyyin namiji ma 23. Suna haɗuwa a cikin bututun da ke tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa, su zama ƙwaya guda mai kuromosom 46. Ƙwan mace a kullum kuromosom ɗin da ake kira X yake kawowa, na namiji kuwa yana iya kawo X ko Y. Idan X ya zo an sami ɗiya mace, idan Y ne an sami ɗa namiji. Saboda haka ɗora wa mace laifin haihuwar 'ya'ya mata ba shi da tushe a ilimi.

Wannan ƙwaya guda takan rabu biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. A rana ta biyar ta zama ɗan ƙwallo mai rami a ciki. Ƙwayoyin da suka taru a cikin ƙwallon su ne za su zama jariri, na bayansa kuma, waɗanda masana ke kira turofobulas, su ne za su zama mabiyiya. A rana ta shida zuwa ta bakwai ƙwallon yakan manne a bangon mahaifa ya fara nutsewa. Idan ya maƙale a cikin bututu bai iso mahaifa ba, shi ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke iya fasa bututun ya jawo zubar jini a cikin ciki.

Da zarar ya manne, ƙwayoyin turofobulas sukan fara fitar da homon mai suna hCG, wanda shi ake nema a gwajin fitsari na ciki. Aikinsa shi ne ya sa ma'ajiyar ƙwai ta ci gaba da fitar da homon furojestaron, wanda ke hana haila zuwa, har zuwa wajen mako na goma lokacin da mabiyiya ke karɓar aikin. Zuciyar jariri tana fara bugawa a wajen rana ta 22 bayan haɗuwar ƙwai, kuma bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana rufewa kafin rana ta 28. Rufewar tana buƙatar sinadarin folik asid, kuma tana faruwa kafin mata da yawa su tabbatar suna da ciki. Wannan ne dalilin da ya sa ake son mai neman haihuwa ta fara shan folik asid tun kafin ta sami cikin.

Har ila yau, kimanin rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko yana faruwa ne saboda kuskure a yawan kuromosom tun daga ranar haɗuwar ƙwai. Irin wannan ɓari ba daka ko ɗaukar tulu ke kawo shi ba, don haka bai dace a zargi matar da sakaci ba.

Mabiyiya da Aikinta

Mabiyiya ta jariri ce, domin daga ƙwayoyinsa ta fito. Tana fitar da dubban rassa sirara masu kama da saiwa, waɗanda ke nutse a cikin jinin uwa. Jinin jariri yana zagayawa a cikin rassan, na uwa yana wanke su ta waje, kuma wani siririn bango ya raba su. A ƙarshen ciki nauyinta yakan kai kimanin rabin kilo, amma da za a shimfiɗa fuskar rassan za ta haura murabba'in mita goma.

Ta wannan bango iskar oksijin ke tsallakawa, kuma himogulobin na jariri, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya fi na uwa ƙarfin kama iskar. Sukari da sinadarin ƙarfe suna da furotin na musamman da ke ɗauke su ya ƙetarar. A watanni ukun ƙarshe mabiyiya tana kwaso sinadaran garkuwar jikin uwa ta ba jariri, shi ya sa allurar rigakafin sandarewar wuya da aka yi wa uwa take kare jaririnta. Sai dai kuma giya, hayaƙin taba, wasu magunguna da ƙwayoyin cuta irin su tunjere da ƙanjamau suna iya ƙetarawa ta hanyar nan.

Babban aikin da makomar ciki ta rataya a kansa yana gudana ne tsakanin mako na takwas da na ashirin. Bangon mahaifa yana da jijiyoyin jini murɗaɗɗu fiye da ɗari, sirara, masu tsoka a kewaye. Wasu ƙwayoyin turofobulas sukan kutsa cikin waɗannan jijiyoyi su rushe tsokar, su mayar da su faffaɗa kuma sakakku, kamar a mai da siririyar hanyar ruwan lambu ta zama babban magudani. Ta haka jinin da ke shiga mahaifa yake tashi daga kimanin mililita 50 a minti ɗaya kafin ciki zuwa fiye da 500 a ƙarshensa.

Rabin ƙwayoyin gadon jariri na uba ne, wato baƙi ne ga jikin uwa. Tun 1953 masanin nan na Ingila, Peter Medawar, ya jawo hankali ga tambayar abin da ke hana garkuwar jikin uwa yaƙar jariri. Amsar da aka samu daga baya ita ce, ƙwayoyin turofobulas ba su ɗaukar yawancin alamomin da garkuwa ke gane baƙo da su, suna kuma ɗauke da wani furotin mai suna HLA-G mai kwantar da ita. Bugu da ƙari, ƙwayoyin garkuwa da ke zaune a bangon mahaifa su kansu suna taimakawa wajen faɗaɗa jijiyoyin.

Sauye-Sauyen Jikin Uwa

Homon ɗin mabiyiya suna juya jikin uwa baki ɗaya. Ruwan jini yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, jajayen ƙwayoyin jini kuwa da kashi 20 zuwa 30, saboda haka jinin yakan ɗan tsinke ko da mace lafiyayya ce. Zuciya tana tura jini fiye da yadda ta saba da kashi 30 zuwa 50. Ciki guda yana cin kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe. Jini yana ƙara saurin daskarewa domin shirin haihuwa. Mabiyiya kuma tana rage wa insulin ƙarfi domin sukari ya wadata ga jariri, kuma idan jikin uwa ya kasa ƙara yawan insulin, sai a sami ciwon sukari na masu ciki, wanda ake gwadawa tsakanin mako na 24 da na 28.

Babban Binciken Zariya

Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison, ɗan asalin Abonnema a Jihar Ribas, tare da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello, sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere a asibitin koyarwa na Zariya. An buga sakamakon a Ingila a 1985. Sama da mata 200 suka rasu a cikin wannan adadi, kuma mafi yawansu da nisa mata ne da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da lamari ya ɓaci aka kawo su cikin gaggawa. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana masu cikin fari da matan da suka yi haihuwa da yawa, ya kuma ragu ƙwarai a tsakanin matan da suka yi karatu. Cututtukan da wancan bincike ya lissafa, a yau an san yadda yawancinsu ke aiki a matakin ƙwayoyin halitta, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Hawan Jini da Jijjiga

Idan ƙwayoyin turofobulas ba su kutsa sosai ba, jijiyoyin mahaifa sukan zauna a matse, mabiyiya ta rasa isasshen jini. A 2003 Ananth Karumanchi da abokan aikinsa a birnin Boston na Amurka suka nuna cewa irin wannan mabiyiya tana zuba wani furotin mai suna sFlt-1 da yawa a jinin uwa. Wannan furotin yana kame sinadaran da ƙwayoyin da suka shafe cikin jijiyoyin jini suke rayuwa da su. Sakamakon haka jijiyoyin jikin uwa duka sukan tsuke su fara yoyo: jini ya hau, ƙoda ta riƙa zubar da furotin a fitsari, fuska da hannuwa su kumbura, hanta ta taɓu, jariri ya tsumbure. Idan abin ya kai ga ƙwaƙwalwa sai mace ta faɗi tana jijjiga, abin da wasu ke kira taune-taune.

Tushen cutar yana kafuwa kafin mako na ashirin, alamunta kuwa sai bayan nan suke fitowa. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 shi ne gargaɗin farko, kuma mace ba ta jin sa a jikinta. Masu cikin fari, masu ɗauke da tagwaye, masu tsohon hawan jini, ciwon ƙoda, ciwon sukari ko sikila sun fi shiga haɗarin. Ga irin waɗannan likita kan rubuta ƙaramin asfirin tun daga ƙarshen wata na uku, da sinadarin kalsiyom inda abinci bai wadatar da shi ba. Wani gwaji da aka yi a kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, wanda aka buga a 2002, ya tabbatar da cewa allurar magniziyom salfet tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Da aka shigar da allurar a asibitoci goma na Jihar Kano a 2008, mace-macen masu wannan cuta a asibitocin ya sauka daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin ɗari. Cutar takan lafa ne bayan mabiyiya ta fita, amma jijjiga tana iya zuwa a kwanakin jego, don haka a ci gaba da awon jini bayan haihuwa. Muna jaddada cewa mai jijjiga asibiti take buƙata nan take, kuma kai ta asibiti bai hana a yi mata addu'a ba.

Zazzaɓin Cizon Sauro a Cikin Mabiyiya

Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa. A ƙa'ida saifa ce ke tace ƙwayoyin da suka kamu. A 1996 Michal Fried da Patrick Duffy, suna aiki a Kenya, suka gano cewa a jikin mai ciki ƙwayoyin da suka kamu suna manne wa wani sinadari da ke fuskar rassan mabiyiya, su kauce wa saifa. Daga baya aka gano furotin ɗin da cutar ke mannewa da shi, aka sa masa suna VAR2CSA. Mabiyiya takan cika da ƙwayoyin cuta alhali uwa ba ta jin zazzaɓi, wani lokaci ma gwajin jinin yatsa ba ya nuna kome. Abin da ke biyo baya shi ne ƙarancin jini ga uwa, da ƙaramin jariri ko bakwaini. Mai cikin fari ta fi shan wahala, domin jikinta bai taɓa haɗuwa da wannan furotin ba, a ciki na biyu da na uku kuwa ta riga ta ƙera garkuwarsa.

Tun kafin a san wannan bayani, Zariya ta nuna maganin a aikace. A wani gwaji da Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini na Jami'ar Ahmadu Bello, ya jagoranta aka buga a 1986, an raba mata Hausawa 200 masu cikin fari gida biyar. Matsanancin ƙarancin jini ya kama kashi 18 cikin ɗari na waɗanda ba su sami rigakafin zazzaɓi ba, amma kashi 3 kawai na waɗanda suka samu. An kuma lura cewa 'yan mata ƙanana da suka sami rigakafin tare da sinadarin ƙarfe da folik asid sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Magungunan wancan zamani an sauya su saboda cutar ta daina jin kulorokwin. Tun 2012 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba mai ciki maganin SP, wanda aka fi sani da Fansidar, daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku, ta kuma riƙa kwana a gidan sauro mai magani, musamman daga Yuni zuwa Oktoba lokacin da sauro ke yawa a ƙasar Zazzau.

Ƙarancin Jini, Sikila da Rukunin Jini

Ana cewa mai ciki tana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta ya gaza giram 11 a kowace desilita, ya yi tsanani idan ya gaza 7. Ɓargo yana buƙatar sinadarin ƙarfe domin ƙera himogulobin, yana kuma buƙatar folik asid domin ƙwayoyinsa su rabu. Zazzaɓi yana fasa ƙwayoyin jini ya tilasta wa ɓargo ƙarin aiki, haihuwa kusa-kusa kuma tana ƙarar da ajiyar jiki. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da lafiyayya za ta jure ita tana iya kashe ta. Ƙwayar ƙarin jini ta kullum, tare da nama, hanta, kifi, wake, zogale da alayyafo, su ne kariya.

Sikila, ko amosanin jini, tana faruwa ne saboda sauyin harafi guda a ƙwayar gadon himogulobin. Idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini takan lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, har da na mabiyiya. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon cutar, wato AS. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Mai sikila da ta sami ciki tana buƙatar kulawar babban asibiti tun daga farko.

Akwai kuma furotin ɗin da ake kira Rh a fuskar jajayen ƙwayoyin jini, wanda kimanin kashi 5 cikin ɗari na 'yan Nijeriya ba su da shi. Idan uwa ba ta da shi amma jariri ya gada daga uba, ɗan jinin jariri da ke shiga nata yayin haihuwa ko ɓari yakan sa ta ƙera garkuwa, wadda za ta fasa jinin jariri na gaba. Allurar da ake yi cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa tana hana haka.

Naƙuda da Zubar Jini

Watanni tara furojestaron yana kwantar da tsokar mahaifa. Gab da haihuwa ƙwayoyin tsokar sukan ƙara yawan wuraren da homon oksitosin ke kamawa, su buɗe ƙananan ƙofofi a tsakaninsu domin su matse a tare, wasu sinadarai kuma su tausasa bakin mahaifa. Idan naƙuda ta zo kafin mako na 34, huhun jariri bai gama ƙera sinadarin da ke hana shi mannewa ba. Wani gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya da asibitocin Nijeriya suka shiga, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa allurar dekzametason ga uwa tana rage mutuwar irin waɗannan jarirai.

Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙashin ƙugu, yakan danne mafitsara a jikin ƙashi na tsawon sa'o'i, jini ya daina isa wurin, ƙwayoyin halittar su mutu, bayan 'yan kwanaki naman ya zube ya bar ƙofa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Wani nazari da aka buga a 1983 a kan mata 1,443 da aka duba a asibitin koyarwa na Zariya tsakanin 1969 da 1980 ya nuna cewa doguwar naƙuda ce ta jawo kashi 83 cikin ɗari, yankan gishiri kuma kashi 13.

Bayan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, jijiyoyin nan da aka rushe wa tsoka ba su iya tsuke kansu. Matsewar mahaifa ce kaɗai ke ɗaure su. Idan mahaifa ta gaji, ko wani guntun mabiyiya ya saura a ciki, jini yakan kwarara, kuma zubar da ta kai rabin lita ta zama haɗari. Allurar oksitosin ita ce maganin farko, sai dai zafi yana lalata ta. Ƙwayar misofurostol kuwa tana jure zafi. Nijeriya ta yi mata rajista domin wannan aiki a 2006, kuma a 2009 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada rarraba ta a ƙauyuka biyar na kewayen Zariya ga masu haihuwa a gida. A 2023 wani gwaji a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna cewa auna jinin da ke zuba da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a lokaci guda, yana rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. Muna gargaɗi cewa amfani da waɗannan magunguna a gida kafin jariri ya fito, da sunan gaggauta naƙuda, yana iya fasa mahaifa.

Ciwon Zuciya Bayan Haihuwa

A 1978 Neil Davidson da Farfesa Eldryd Parry suka buga bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya. A wancan lokaci cutar tana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari a tsakanin Hausawan yankin, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Sun danganta ta da yawan shan kunun kanwa mai tara gishiri da ruwa a jiki, da zafin wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. A 2007 masana a Jamus suka nuna cewa homon furolaktin mai kawo nono yana iya tsagewa, guntunsa ya lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano ya ƙara nuna alaƙar cutar da rama, talauci, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom. Mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya a miƙe, ƙafafunta sun kumbura, a daina ba ta kanwa a kai ta asibiti.

Abin da Awon Ciki Ke Nema

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau takwas, na farko cikin makonni 12 na farko, tare da hoton ciki kafin mako na 24. Kowane gwaji yana leƙa ɗaya daga cikin abubuwan da muka bayyana: awon jini da gwajin fitsari suna nuna halin mabiyiya, gwajin himogulobin yana nuna ƙarfin jini, gwajin rukuni da na sikila suna nuna gado, awon tsawon ciki kuma yana nuna girman jariri. Amfanin bai tsaya ga haihuwa ba, domin binciken David Barker a Ingila ya nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya a girmansu.

Alamomin da ke buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba su ne:

1. Zubar jini ko kaɗan ne.
2. Matsanancin ciwon kai, ganin duhu-duhu, ko ciwo a saman ciki.
3. Kumburin fuska da hannuwa, ko jijjiga.
4. Zazzaɓi, ɗashewar idanu, ko haki.
5. Fashewar faya ba tare da naƙuda ba.
6. Raguwa ko tsayawar motsin jariri.
7. Naƙudar da ta wuce sa'o'i 12.

Mazauna Samaru da Sabon Gari suna iya fara awo a cibiyar lafiya matakin farko ta mazaɓarsu. Daga nan ake tura masu matsala zuwa Asibitin Tunawa da Manjo Ibrahim Abdullahi da ke Sabon Gari, Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Shika a kan hanyar Funtuwa.

Kammalawa

Daga bayanin da ya gabata za a ga cewa faɗaɗar jijiyoyin mahaifa, maƙalewar ƙwayar zazzaɓi a mabiyiya da ƙarewar sinadarin ƙarfe duk suna faruwa ne a ɓoye, kuma na'urar awon jini, gwajin fitsari da ɗigon jinin yatsa sun isa su tona yawancinsu da wuri. Binciken Zariya ya nuna tun shekarun 1970 cewa wadda ta zo awo ta fi wadda aka kawo ranga-ranga tsira nesa ba kusa ba. Saboda haka muna kira ga magidanta su ba da izinin zuwa asibiti tun kafin buƙata ta taso, su tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini. Muna kira ga surukai da ungozomomi su gaggauta tura mai naƙudar da ta jinkirta, ga iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi karatu jikinsu ya ƙosa, ga malamai da masu unguwanni kuma su ci gaba da wayar da kan jama'a. Allah Ya sauki mata masu juna biyu lafiya, Ya raya abin da suka haifa.